Shibo ta Shikal: Matar da ta girgiza mulkin Faransawa a ƙasar Kurfai

Idan ana lissafin mutanen da suka yi wa Turawan mulkin mallaka tirjiya a ƙasar Nijar, sunayen da kan fara zuwa bakin jama'a su ne Sarauniya Mangu ta Lugu, wadda ta tari rundunar Voulet da Chanoine a 1899, da Alfa Saibu na Kobkitanda, da Fihirun shugaban Abzinawa, da kuma Kawusan wanda ya yi wa Faransawa ƙawanya a Agadas. Dukkan waɗannan makami suka ɗauka suka fita filin daga. Amma akwai wata mace daga ƙauyen Shikal da ke kusa da Filinge, wadda ba ta hau doki ta tafi yaƙi ba, ita ce ma aka ce iskoki sun hau, kuma duk da haka sai da kumandan Yamai ya sa aka kawo ta gabansa, aka kulle ta, daga bisani aka fitar da ita daga ƙasar baki ɗaya. Sunanta Shibo, wasu kuma kan rubuta Chibo ko Zibo. A yau filin namu zai duba rayuwar wannan baiwar Allah, da ƙungiyar da ta jagoranta wadda Hausawa ke kira Babule, Zabarmawa kuma ke kira Hauka.

Ƙasar da ta taso a cikinta

Ƙasar Kurfai tana arewa maso gabas da birnin Yamai, a cikin kwarin nan da ake kira Dallol Boso, cikin jihar Tillaberi ta yanzu, kuma Filinge ne babban garinta. Mutanenta su ne Kurfayawa, waɗanda maƙwabtansu Zabarmawa ke kira Sudiye. Hausa suke yi, noman gero da kiwo ne sana'arsu, kuma suna zaune ne a tsakanin Zabarmawa ta kudu da yamma, Arawan Dogon Dutsi ta gabas, da Abzinawa ta arewa. Shibo Bakurfayiya ce, sunan mahaifinta Ganji, kuma a wannan ƙasa ta yi wayo a daidai lokacin da al'amura ke juyawa.

Kafin zuwan Nasara, Kurfai ba ta da wani sarki guda ɗaya mai iko a kan kowa da kowa kamar yadda aka sani a Kano ko Katsina ko Damagaram. Kowane gari yana da dattawansa da masu kula da tsafin ƙasa, sannan akwai mayaƙa waɗanda suka yi suna saboda yaƙe-yaƙe da hare-haren da suka yi yawa a ƙarni na 19. Musulunci ya riga ya shigo, akwai malamai, amma bori yana da ƙarfi ƙwarai a rayuwar talakawa, musamman wajen neman ruwan sama da neman lafiya.

Da Faransawa suka iso a farkon ƙarni na 20 suka kafa bariki a Filinge, sai suka nemi mutum guda da za su riƙa ba umarni. Suka ɗauko wani mayaƙi mai suna Gado Namalaya suka naɗa shi sarkin kanto a kan ƙasar Kurfai duka. Aikinsa shi ne tara haraji, da fitar da mutane aikin dole, da ba da samari idan ana neman soja. A ƙarƙashin dokar da Faransa ta shimfiɗa wa talakawan ƙasashen da ta mallaka, kumanda yana da ikon ɗaure mutum na wasu kwanaki ko ya ci shi tara ba tare da an je gaban alƙali ba.

Wahalhalu kuwa sun yi ta zuwa ɗaya bayan ɗaya. An yi babbar yunwar nan ta 1913 zuwa 1914, wadda Hausawa ke kira Kakalaba. Kafin mutane su farfaɗo sai ga Yaƙin Duniya na Ɗaya, aka shiga kwasar samari ana kai su yaƙin da ba su san mafarinsa ba. A watan Afrilu na 1916 Fihirun ya kawo wa barikin Filinge hari, bai yi nasara ba, aka ci shi da yaƙi a Anderambukan a watan Mayu, aka kashe shi a watan Yuni na wannan shekara. Daga nan kowa a yankin ya gane cewa takobi da mashi ba za su fitar da Bature ba. A 1922 aka mayar da Nijar cikakkiyar ƙasar mallaka, a 1926 kuma aka ɗauke hedikwata daga Damagaram aka kawo ta Yamai, lamarin da ya ƙara wa ƙauyukan yammacin ƙasar nauyin ba da 'yan aikin gine-gine da na hanyoyi. Samari da yawa sun gwammace su gudu zuwa Kurmi, wato ƙasashen bakin teku, su nemo kuɗin haraji.

Ranar da baƙin iskoki suka sauka

A shekarar 1925 ne sunan Shibo ya fito. Kamar yadda tsofaffi suka shaida wa Bafaranshen nan mai ɗaukar fim, Jean Rouch, abin ya faru ne a wajen wata rawar samari da 'yan mata a Shikal. Ana cikin rawa sai iska ya hau Shibo, wadda a ruwayar aka ce matar wani sharifi ce mutumin Tumbuktu. Hawan iska ba baƙon abu ba ne a ƙasar bori, domin kowane iska an san sunansa, an san kiɗansa, an san irin tufafinsa. Abin da ya ba mutane mamaki shi ne da aka tambayi wannan ko wane ne, sai ya ce shi ne Gwamna Maliya, wato gwamnan Bahar Maliya, sunan da babu wani tsohon ɗan bori da ya taɓa ji. Kafin a watse, wasu iskokin sun hau samari da dama, kowanne ya faɗi sunan da ba a sani ba, suka kuma ce su baƙin Dongo ne, wato iskan tsawa a wajen Zabarmawa. Cikin 'yan kwanaki abin ya bazu har cikin Filinge.

Waɗannan sababbin iskoki ba su yi kama da na gargajiya ba ko kaɗan. Wanda suka hau sai ya miƙe ƙyam kamar soja, ya riƙa taka ƙasa da ƙarfi, yana sara wa na gaba da shi, yana ba da oda da gurɓataccen Faransanci, kumfa na fita a bakinsa, yana riƙe wuta ko ya goga ta a jikinsa. Sunayensu kuwa muƙaman mulkin mallaka ne: akwai gwamna, akwai janar, akwai kyaftin, akwai kofur mai gadi, akwai likita, akwai alƙali. A taƙaice, duk tsarin barikin Nasara ne ya sauko cikin jikin 'ya'yan manoma.

Akwai wani abu da ya kamata mai karatu ya lura da shi a nan. Ko da yake muƙaman na Turawa ne, iskokin ba su ce daga Faransa suka fito ba. Gabas suka nuna, wajen Bahar Maliya, hanyar da alhazai ke bi. Wata ruwayar ma cewa ta yi wani alhaji ne suka biyo daga Makka. Babbansu kuma shi ne wanda ake kira Istambula, wanda mabiya ke siffantawa da cewa Musulmi ne mai ibada. Sunan Istanbul sananne ne a ƙasashenmu a wancan zamani a matsayin mazaunin halifan Daular Usmaniyya, wadda ta yaƙi Faransa da Ingila a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Ke nan mutanen Shibo sun ƙago wa kansu wata gwamnati ce ta ɓoye, mai ƙarfi irin na Bature, amma wadda ba ta karɓar umarni daga kumandan Yamai.

Rundunar da ba ta da bindiga

Da a ce abin ya tsaya a filin rawa, da wataƙila babu wanda zai damu. Amma Shibo da mahaifinta Ganji sun tara mabiya, akasarinsu matasa maza da mata, waɗanda su ne nauyin aikin dole ya fi faɗa wa. Suka riƙa fita daji suna atisaye irin na soja da bindigogin itace, suna da manya da ƙanana bisa ga muƙamin iskan da ke hawan kowa. Sannu a hankali suka daina sauraron sarkin kanto da dogaransa, suka ƙi biyan haraji, suka ƙi fita aikin dole, har ta kai wasunsu sun bar garuruwansu sun kafa nasu matsugunai a daji inda dokar Babule ce kaɗai ke aiki. A rikicin neman sarautar Kurfai ma sun sa baki, inda suka ƙi goyon bayan ɗan gidan Gado Namalaya da Faransawa ke so, suka mara wa abokin hamayyarsa baya. Tafiyar ta tsallaka har ƙasar Arewa, wajen Dogon Dutsi.

Ta haka ƙasar ta rabu gida biyu. A gefe guda akwai 'yan Babule, a ɗaya gefen kuma akwai Nasara da duk wanda ake ganin yana yi masa aiki. Matsalar ita ce Turawan da ke Filinge ba su taka kara sun karya ba wajen yawa. Waɗanda talaka ke gani kullum su ne sarki, da mai gari, da dogari, da mai karɓar haraji, kuma duk 'yan ƙasa ne, wasu ma dangi ne na jini. Saboda haka layin da aka ja tsakanin namu da baƙi bai tsaya a ƙofar bariki ba, ya ratsa ta tsakiyar gari, wani lokaci ma ta tsakar gida, tsakanin ɗa da ubansa. Dattawan bori na gargajiya ba su yi maraba da iskokin da ba su san kiɗansu ba, malamai kuwa dama ba su yarda da bori kowane iri ba, sarakuna kuma sun ga ana neman a tuɓe masu rawani.

Kumandan Mugu

Gado Namalaya ne ya kai ƙara Yamai. Kumandan da ke riƙe da yankin a lokacin shi ne Horace Crocicchia, mutumin tsibirin Korsika, wanda aka sani da zafin hannu. Ya sa aka kamo kimanin mutum 60, har da Shibo, aka kawo su Yamai aka kulle su kwana uku ba abinci. Da aka fito da su sai ya ce su kira iskokin nasu ya gani. Da iskokin suka hau, ya riƙa bin su ɗaya bayan ɗaya da mari da duka, har sai kowa ya furta da bakinsa cewa babu wani abu wai shi Hauka. Bayan haka aka sallame su suka koma gida.

A ganin Crocicchia magana ta ƙare, ashe ya zuba wa wuta mai ne. Ba a jima ba sai ga wani sabon iska ya bayyana a cikin Babule, mai tsananin fushi da zagi da duka, aka sa masa suna Kumandan Mugu, wasu kuma na kiransa Korsasi, wato Bakorsike. Mutumin da ya yi rantsuwar kawar da iskokin sai ga shi an mayar da shi ɗaya daga cikinsu. Crocicchia ya ci gaba da samun girma a aikin mulkin mallaka, har ya riƙe muƙamin gwamna a Kwaddibuwa sannan a Gini, amma a ƙauyukan yammacin Nijar da sunan Kumandan Mugu aka fi tuna shi. Ba shi kaɗai ba ne Baturen da hakan ta faru da shi, domin akwai iskan da ake kira Salma, wanda aka samo daga sunan Kyaftin Salaman, ɗaya daga cikin kumandojin farko na Yamai.

Kora daga gida

Dukan da aka yi a Yamai bai hana komai ba, sai ma mabiya suka ƙaru. A 1927 hukumar mulkin mallaka ta yanke shawarar murƙushe tafiyar gaba ɗaya. Aka tura dakaru ƙasar Kurfai, aka watsa matsugunan da 'yan Babule suka kafa, aka tilasta wa mutane komawa garuruwansu ƙarƙashin masu gari, aka kama shugabanni. Shibo tana cikin waɗanda aka fitar daga ƙasar zuwa wasu yankunan da Faransa ke mulka, wato Haute-Volta, Burkina Faso ta yau, da Kwaddibuwa. Ta yi shekaru a baƙuwar ƙasa, nesa da danginta da harshenta, kafin a bar ta ta komo Shikal.

Ƙasar da ta bari ba ta ga sauƙi ba a bayanta. A 1931 fari da fara suka haɗu suka jawo wata mummunar yunwa a yammacin Nijar, wadda ta kashe dubban mutane, kuma masana tarihi sun ɗora wani kaso na laifin a kan yadda hukuma ta ci gaba da matsa wa mutane da haraji da aikin dole alhali rumbuna babu komai. Abubuwan da Shibo da mutanenta suka ƙi yarda da su sun ci gaba har zuwa 1946, lokacin da majalisar Faransa ta soke aikin dole da dokar da ake danganta wa Félix Houphouët-Boigny. Nijar kuma ta samu 'yancin kai ranar 3 ga Agusta, 1960.

Iskokin sun tafi Kurmi

An kori Shibo amma ba a iya korar abin da ta fara ba. 'Yan ci-rani daga Nijar sun tafi da Hauka ƙasar Gwalkwas, wato Ghana ta yau, inda Ingilishi ke mulki. A can iskokin suka ƙaru, suka ɗauki kamannin gwamnan Ingila da hafsoshinsa, har da iskan jirgin ƙasa. A 1954 Jean Rouch ya ɗauki fim na taron shekara-shekara da wasu 'yan ci-ranin Nijar suka yi a bayan garin Akara, fim ɗin da ya fito a 1955 da sunan Les Maîtres Fous. Fim ɗin ya tayar da ƙura. Hukumar Ingila ta hana nuna shi a Gwalkwas saboda tana ganin an ci mutuncin gwamna, ɗaliban Afirka da ke Faris kuma suka ce ya nuna baƙar fata a matsayin marasa hankali, musamman wurin da aka yanka kare aka ci. Ta wannan fim ne duniya ta san Hauka, amma ƙalilan ne daga cikin masu kallonsa suka san cewa daga wata mata a Shikal abin ya samo asali. Rouch kansa a Nijar ya rasu, a haɗarin mota kusa da Birnin Ƙonni a watan Fabrairu na 2004.

A gida kuwa, da tafiya ta yi tafiya, Babule sun daina zama barazana ga hukuma. Borin gargajiya da ya ƙi su da farko ya buɗe masu ƙofa, suka zama wani gida daga cikin gidajen iskoki a Kurfai da Arewa da Adar da ƙasar Zabarma, ana kiransu don neman magani ko korar mayu kamar sauran. A borin Arewacin Nijeriya ma akwai iskokin da ake kira Turawa, masu shigar soja.

Yadda masana ke kallon ta

Masana sun yi saɓani a kan ma'anar abin da Shibo ta yi. Masanin tarihi Finn Fuglestad, ɗan ƙasar Norway, wanda ya yi rubutu a kan lamarin a 1975, ya ɗauke shi a matsayin tawayen talakawa ga sarautar da Faransawa suka ƙaƙaba masu. Rouch ya fi karkata ga cewa hanya ce da mutanen da aka danne suka samu ta fitar da abin da ke cin ransu. Wasu kamar Paul Stoller na Amurka sun ce kwaikwayon Bature dabara ce ta neman mallakar ƙarfinsa tare da yi masa ba'a. Nicole Echard, wadda ta yi bincike a kan bori a Adar da Kurfai, ta duba yadda bori kan sauya idan zaman jama'a ya sauya.

Ba a Kurfai kaɗai aka taɓa ganin mutane sun haɗa kansu da sunan addini don fuskantar baƙon mai mulki ba. A 1905 zuwa 1906 Alfa Saibu ya yi hakan da sunan Mahadi a Kobkitanda, sannan ya tsallaka Satiru kusa da Sakkwato, inda aka kashe jami'an Ingila a watan Fabrairu na 1906, aka kuma shafe garin daga doron ƙasa a watan Maris, da taimakon sarakunan ƙasar. A Tanganyika ma, tsakanin 1905 da 1907, an yi tawayen Maji Maji a kan Jamusawa bisa imani da wani ruwan tsari. A duk waɗannan wurare, kamar a Kurfai, wanda ya fara shan fushin 'yan tawaye shi ne ɗan ƙasa mai yi wa baƙo aiki, kuma wanda ya fi shan wuya bayan an murƙushe su shi ne talaka.

Abin da ya rage mana

Mai karatu Musulmi ya san matsayin bori a addini, kuma ba talla muke yi masa ba. Tarihi ne muke bayarwa, kuma tarihin ya nuna cewa a lokacin da manyan mayaƙa suka ajiye makamai, mace ce daga ƙauye ta tara matasa suka ce ba za su ƙara yin aikin da ba a biyansu ba. Wannan jarunta ce da bai kamata a manta da ita ba.

Sai dai tarihin nata yana ɗauke da wani gargaɗi. Ƙungiyar Babule ta gina kanta ne kacokan a kan abokin gaba: muƙamanta nasa ne, tafiyarta tasa ce, harshenta nasa ne, har muguntar kumanda ta ara. Ta san abin da ta ƙi, amma ba ta samu damar shimfiɗa yadda za a yi sarauta, ko a raba gona, ko a yi shari'a idan Bature ya tafi ba. Da aikin dole ya ƙare, Bature kuma ya tattara ya tafi, sai ta koma wasan fili. Kuma a ɗan lokacin da ta yi tana da ƙarfi, maƙwabci da ɗan uwa su ne suka fara shiga sahun baƙi.

Wannan batu bai tsufa ba. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, 2023, sojojin Faransa sun kammala ficewa daga Nijar a watan Disamba na wannan shekara, kuma a watan Oktoba na 2024 aka cire sunan Charles de Gaulle daga wani babban titi a Yamai aka sa na Djibo Bakary. A irin wannan lokaci da ake waiwayar gwarazan da suka ƙi mulkin mallaka, ya dace 'yan makarantar Filinge da sauran ƙasar Hausa su san wace ce Shibo, su san abin da ta tsaya a kai da irin kuɗin da ta biya. Ya kuma dace manya su tuna cewa ƙin baƙo yana iya tara jama'a cikin dare ɗaya, amma adalci a wajen haraji da shari'a da shugabanci shi ne ke riƙe su bayan baƙon ya tafi. Shibo ta daɗe da barin duniya, amma tambayar da matasan Shikal suka yi a 1925, ta wa ke da ikon sa talaka aiki da karɓar guminsa, har yanzu tana neman amsa daga kowane mai mulki, baƙo ne ko ɗan gida.